Me ya kawo "Na" cikin alamar sodiyam? Amsar tana cikin kanwa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya, ina shekara ta biyu. Tun muna sakandare akwai abin da yake ɗaure mini kai a jadawalin sinadarai. Oksijin alamarsa O, kabon C, duk sun dace da sunayensu, amma sodiyam sai aka ba shi Na, potasiyam kuma K. Da muka tambaya, malaminmu ya ce daga "natrium" da "kalium" ne, Latin ne, mu haddace kawai. Yanzu ga shi a asibiti kullum ina ganin Na da K a takardar gwajin jini, ina kuma jin likitoci suna cewa "hyponatremia". Mene ne wannan natrium ɗin? In kuwa an daina kiran sa da wannan suna, me ya hana a canza alamar?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba da sa'ar karatu. Na ji daɗin tambayar nan ƙwarai, domin na shafe shekaru ina koyar da kimiyyar sinadarai, kuma babu abin da yake yi mini ciwo kamar in ji an ce wa yaro "haddace kawai" a kan abin da amsarsa take cikin madafin gidansu. Natrium ɗin da kike tambaya, idan aka bi sawunsa har tushe, kanwa ce. Ita dai kanwar da ake jiƙawa a tace a kwaɓa ɗan wake.

Bari in fara da ɗan gyara a maganar malaminku. Gaskiya ne kalmar tana sanye da rigar Latin, amma Rumawan da Latin yake harshensu ba su taɓa furta ta ba, don ba su san akwai wani ƙarfe mai wannan suna ba. An ƙera ta ne shekara ɗari biyu da 'yan kai da suka wuce. Abin da yake tsoho shi ne saiwar da aka ɗora ta a kai, kuma wannan saiwa ta girmi Latin ɗin kansa.

A arewacin Masar, wajen kilomita 100 arewa maso yamma da Alƙahira, a gefen hanyar hamada mai zuwa Iskandariya, akwai wani kwari da ake kira Wadin Naɗrun. Kwarin ya nutsa ƙasa da matakin teku, kuma akwai jerin ƙananan tafkuna a cikinsa. Idan zafi ya tsananta ruwan ya ja baya, sai ya bar farin ɓawo a bakin gaɓa, mutane su zo su fasa su ɗiba. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake haƙar kanwa a ƙasar Manga ko a Dallol Bosso, ya ga irin wannan aikin. Misirawan dā suna rubuta sunan wannan abu da baƙaƙe uku, n-t-r, kuma kusan babu ɓangaren rayuwarsu da bai shiga ba. Da shi suke wanki, da shi suke kurkure baki, da shi suke tsarkake wuraren bautarsu. Da shi kuma suke busar da gawa. Gawarwakin Fir'aunonin da ake gani a gidajen tarihi har yau, kanwa ce ta tsotse ruwan jikinsu ta hana su ruɓewa. Masanin tarihin nan na Girka, Herodotus, wanda ya ziyarci Masar a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, ya rubuta cewa kwana 70 ake binne gawa a cikinta. Sannan ga gilashi. Yashi zalla ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,700, abin da murhun wancan zamani ba zai iya ba, amma idan aka gauraya shi da kanwa sai ya narke a wajen digiri 1,100. Yawancin gilashin da aka yi amfani da shi a daular Rum da kanwar Masar aka yi shi.

Kaya idan ya yi tafiya, sunansa yakan bi shi. Girkawa suka saya suka ce nitron, Rumawa suka ce nitrum, Larabawa suka ce naɗrun. Daga bakin Larabawa kalmar ta sake shiga Turai ta Andalus, Faransawa suka mayar da ita natron, wanda har gobe shi ne sunan kanwa a takardun Jamhuriyar Nijar da Chadi.

A nan ne wani rikici ya auku wanda ya kamata ki sani, don ya haifi wata alamar da kike gani a jadawali. A tsakiyar zamanai, mutanen Turai suka riƙa kiran wani farin gishirin daban da sunan nitrum, wato gishirin da ake haɗa albarushi da shi. Ba kanwa ba ne ko kaɗan, kama ce kawai ta ido, amma sunan ya manne masa. Da aka zo aka gano cewa akwai wata iska a cikin wannan gishiri, sai wani Bafaranshe mai suna Jean-Antoine Chaptal ya raɗa mata suna a 1790, nitrogène, ma'ana mai haifar da nitre. Ita ce naitirojin, mai alamar N. Saboda haka kalma guda ta Misirawa ta fito sau biyu a jadawalin sinadarai, sau ɗaya ta hanyar Girkawa a lamba 7, sau ɗaya ta hanyar Larabawa a lamba 11.

To sai K. Ki tuna da ruwan toka. Idan aka zuba toka a tukunya mai huji aka tsiyaye ruwa ta cikinta, ruwan da yake ɗigowa yana da santsi a yatsa, yana laushe wake, yana yin sabulu, kusan duk aikin da ruwan kanwa yake yi. Larabawa suna kiran tokar wasu tsirrai na bakin teku al-ƙali, kuma daga nan Turawa suka samo kalmar da suke kiran duk wani sinadari mai kashe tsami, alkali. Ɗalibaina sukan tambaye ni ko tana da dangantaka da alƙalin kotu. Babu. Namu daga al-ƙadi ya zo, haɗuwa ce kawai aka yi a baki. Ingilishi kuwa suna tafasa ruwan tokar itace a tukunya har ya ƙafe, sai suka kira abin da ya rage potash, wato tokar tukunya.

Shekaru aru-aru ana ɗaukan kanwa da toka a matsayin abu ɗaya. Sai a 1736 wani Bafaranshe, Duhamel du Monceau, ya nuna cewa gishirin da kowannensu yake bayarwa daban ne. Bayansa da shekara ashirin da wani abu Andreas Marggraf a Balin ya lura cewa idan aka sa su a wuta, na kanwa yana ba da harshe rawaya, na toka shunayya. Aka riƙa kiran ɗaya alkalin ƙasa, ɗayan alkalin tsiro. Wannan ma bai daɗe ba, domin a 1797 Martin Klaproth ya sami "alkalin tsiro" a cikin dutse, inda babu tsiro ko ɗaya. Sai ya ba da shawarar a bar waɗancan sunaye, a kira ɗaya natron, ɗayan kali. Ki riƙe wannan, nan ne Na da K suka fara leƙowa.

Akwai wani labari na Wadin Naɗrun da ba na iya tsallakewa idan ina koyarwa. Lokacin da Napoleon ya mamaye Masar ya tafi da ayarin masana, cikinsu har da Claude Berthollet. A farkon 1799 Berthollet ya je bakin tafkunan nan ya ga kanwa tana fitowa a inda ruwan gishiri yake kwance kan farar ƙasa mai alli. Abin ya ba shi mamaki, domin a ɗakin gwaji akasin haka ya sani: idan ka haɗa kanwa da wani gishirin kalsiyam, alli da gishirin miya kake samu. Ga shi nan abin yana tafiya da baya. Daga nan ya fahimci cewa haɗuwar sinadarai tana iya juyawa idan ɗaya ya yi yawa sosai. Wannan kibiya mai kai biyu da kuka riƙa zanawa a sakandare, tunaninta a bakin tafkin kanwa ya fara.

Har zuwa lokacin babu wanda ya taɓa ganin ƙarfen da yake ɓoye cikin kanwa ko toka. Ba a kai ga raba shi da abin da yake riƙe da shi ta hanyar wuta ba. Sai da Alessandro Volta ya ƙirƙiro batir a 1800 aka sami makamin da zai iya. A watan Oktoba na 1807, a Landan, wani saurayi ɗan shekara 28 mai suna Humphry Davy ya tura wutar batir cikin ɗan gutsuren potash mai ƙuna, sai ga ƙananan ƙwallaye masu sheƙi kamar zaiba suna ɓullowa, wasu suna kamawa da wuta nan take. Ɗan uwansa da yake taya shi aiki ya ba da labarin cewa Davy ya riƙa zagaya ɗakin yana tsalle don murna. Bayan 'yan kwanaki ya yi wa soda mai ƙuna (soda shi ne sunan da Ingilishi suke kiran sinadarin kanwa) irin wannan, ya fitar da ƙarfe na biyu. Da yake Bature ne ɗan Ingila, da kalmomin kasuwar garinsu ya raɗa musu suna: na potash ya zama potassium, na soda ya zama sodium.

Ina fata wata rana ki ga sodiyam da idonki. A cikin kwalbar kananzir ko mai ake ajiye shi, don iska ma cin sa take yi. Idan aka ciro shi sai ki ga dunƙule mai toka-toka, ba kyan gani. A sa wuƙa, ya yanku kamar sabulu, fuskar da aka yanka ta yi walƙiya kamar azurfa, kafin ki ƙirga goma ta dushe. A jefa ɗan mitsitsi cikin ruwa, ba zai nutse ba domin bai kai ruwa nauyi ba, sai ya dunƙule ya riƙa gudu a saman ruwan yana huci har ya ƙare. Zafin da yake narkar da shi bai ma kai na tafasar ruwa ba, digiri 98 ne. Wannan abu mai faɗa shi ne yake zaune lafiya cikin gishirin miya da kanwa da jinin jikinki.

Jamusawa ba su karɓi sunayen Davy ba. Suna da natron da kali na Klaproth, ba su ga dalilin yar da su ba. A 1809 Ludwig Gilbert, editan wata babbar mujallar kimiyya ta Jamus, ya ba da shawarar Natronium da Kalium. Sai ga Jöns Jacob Berzelius na Suwidin, wanda shi ne ya kawo tsarin rubuta kowane sinadari da harafi ɗaya ko biyu na sunansa na Latin. Kafin shi zane-zane ake yi, da'ira da ɗigo da layi, abin da yake wahalar da masu buga littafi. Da farko shi ma So da Po ya rubuta, bisa sunayen Davy, amma a 1814 ya koma ga natrium da kalium, ya rubuta Na da K. Tsarinsa ya karɓu a ko'ina, har a Ingila. Sai Ingilishi da Faransawa suka zauna da sunan Davy a baki da alamar Berzelius a takarda, mu kuma muka gaji wannan rabuwa ta hanyar makarantunsu.

Yanzu ga ɓangare na biyu na tambayarki, kuma a nan sai in ce miki ba a daina amfani da sunan ba. Mu ne muka yi karatu da harsunan da ba sa amfani da shi. Ɗalibi a Jamus, Holan, Suwidin ko Indonisiya natrium yake cewa, na Rasha ya ce natriy, Bajapane ya ce natoriumu, Basine ya ce na. Su a wurinsu Na ta dace da suna kamar yadda O ta dace da oksijin. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Larabawa, waɗanda kalmomin biyu suka ratsa ta harshensu, yau a makarantunsu sodiyum da butasiyum suke cewa.

Ni ina cikin masu ganin bai kamata a taɓa alamar ba. Amfanin alama shi ne kowa ya gane ta ko da bai ji harshen marubuci ba. Likita a Zinder da ya yi karatu da Faransanci, da na Kano da ya yi da Ingilishi, da wanda ya dawo daga Rasha ko Sudan, duk idan suka ga Na 128 a takarda abu ɗaya suka fahimta. In aka ce kowane harshe ya gyara alama ta dace da bakinsa, an rushe wannan. Sannan gurbin ma ya cike: S ta sulfa ce, P ta fosfaros, Po kuwa tun 1898 Marie Curie da mijinta suka ba poloniyam. Kuma ba Na da K kaɗai ba ne. Sinadarai goma sha ɗaya ne alamarsu ta saɓa wa sunan Ingilishi, cikinsu akwai Fe na baƙin ƙarfe, Au na zinariya, Ag na azurfa da Pb na darma.

A fannin da kika zaɓa kuwa, natrium ne ma yake mulki. Kalmar da kike ji a bakin likitoci gaɓa uku ce: hypo ƙasa, natr natrium, emia jini. Wato natrium ya yi ƙasa a jini. A lafiyayyen mutum yakan tsaya tsakanin 135 da 145 a ma'aunin milimol cikin lita, idan ya faɗi ƙasa da 135 shi ne hyponatremia, idan ya haura 145 a ce hypernatremia. Na potasiyam kuma, wanda yake tsakanin 3.5 da 5, a ce hypokalemia ko hyperkalemia. Da wuya ki ji an gina irin waɗannan kalmomi a kan sunayen da Davy ya raɗa. Za ki kuma haɗu da gwajin BNP da ake yi wa wanda ake zargin zuciyarsa ta gaza. N ɗin da ke tsakiya natriuretic ce, ma'ana mai fitar da natrium ta fitsari. Adolfo de Bold ne ya gano a Kanada a 1981 cewa zuciya da kanta tana sakin irin wannan sinadari idan jini ya yi mata yawa, don ƙoda ta zubar da gishiri da ruwa. Kuma a fatar kowace ƙwayar halitta ta jikinki akwai wani ɗan famfo da yake fitar da Na uku ya shigo da K biyu, dare da rana, wanda da shi jijiya take aika saƙo, zuciya take bugawa. Jens Skou na Denmak ne ya gano shi a 1957 yana bincike kan jijiyar ƙaguwa, aka ba shi kyautar Nobel a 1997. Ko a wajen asibiti kalmar tana raye: tashar nukiliyar da kamfanin TerraPower na Bill Gates yake ginawa a jihar Wayomin ta Amurka, wadda narkakken sodiyam zai riƙa ɗauke mata zafi, Natrium aka sa mata suna.

Saura abu ɗaya, wanda a wurina ya fi duk tarihin nan muhimmanci, tunda marasa lafiya za ki riƙa kula da su. Kanwarmu tsohuwar haja ce. Fatake sun ɗauke ta daga Manga da Muniyo da gaɓar Tafkin Chadi, ungurnu da jar kanwa da fara, sun kai ta har Gwanja sun dawo da goro, sunanta kuma ya bi ta, shi ya sa Yarbawa suke cewa kaun, Ibo suke cewa akanwu. Amma da aka zo fassara ta da Ingilishin Najeriya sai aka ce "potash", har a bakin 'yan boko da kan leda a kasuwa. Wannan kuskure ne. Potash na gaskiya shi ne na ruwan toka. Kanwa kuwa mafi yawanta wani ma'adini ne da masana suke kira trona, wanda haɗin sodiyam kabonet ne da sodiyam baikabonet, tare da gishirin miya da yashi da laka gwargwadon inda aka haƙo ta. Ita ma kalmar trona gutsuren naɗrun ce. Wato kanwa gidan Na ce, ba gidan K ba.

Kin ga inda haɗarin yake. A ce wa mai hawan jini ko ciwon zuciya ko na ƙoda ya rage gishiri, ya rage da gaske, amma kanwa tana nan a wake, a miyar kuɓewa, a ɗan wake, a kunu, don shi bai ɗauke ta gishiri ba, wani ma ya ji an ce potash ce ya ɗauka tana da amfani ga zuciya. Alhali abin da ake gudu a gishirin shi ne sodiyam, kuma shi ne a kanwar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 2 na sodiyam a yini, wato kimanin giram 5 na gishiri, kuma jiki ba ya tambayar daga wace tukunya ya fito. A shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, sun yi rubutu kan yawan gazawar zuciya ga masu jego, suka danganta shi da shan kunun kanwa mai yawa haɗe da wankan jego da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilan, kamar ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki, saboda haka ba daidai ba ne a ɗora wa kanwa laifin duka. Duk da haka, mai jegon da ƙafarta ta kumbura ko numfashi yake mata wuya ko jininta ya hau, ba ta da buƙatar ƙarin sodiyam. Ba cewa nake a yar da kanwa ba. 'Yar kaɗan da ake sa wa miya ta yi mana aiki tun kaka da kakanni. Roƙona shi ne idan kina ɗaukar bayanin abincin mara lafiya, bayan kin tambayi gishiri da magi, ki tambayi kanwa da sunanta na Hausa, kuma cikin ladabi, musamman idan kaka ko uwar miji ce take dama kunun.

Idan kin je gida hutu, ga gwaji biyu da ba sa buƙatar ɗakin gwaji. Ki jiƙa kanwa ki tace, ki ɗiga ruwan cikin ruwan tsamiya ko ƙullun waina da ya kwana. Kumfar da za ta taso iskar kabon dayoksaid ce da take fita daga kabonet yayin da asid ya taɓa shi, kuma shi ne ainihin abin da Bahaushe yake nufi da kanwa ta kar tsami. Na biyu, ki kunna risho na gas ki daidaita shi har wutar ta zama shuɗiya, ki tsoma bakin tsaftatacciyar waya cikin ruwan kanwar ki kai gefen harshen wutar. Nan take zai koma rawaya mai haske, irin launin tsofaffin fitilun kan titi, waɗanda su ma tururin sodiyam ne a cikinsu. Abin da Marggraf ya gani ke nan a Balin. Idan kika gwada da ruwan toka, wataƙila shi ma rawaya za ki fara gani, domin ko ɗan ƙanƙanin sodiyam ya isa ya rufe hasken potasiyam. Sai an duba ta cikin shuɗin gilashi na kobal, wanda yake tare rawayan, sannan shunayyar take bayyana. Ki tambaya a ɗakin gwajin makarantarku, ba mamaki suna da shi a cikin durowa.